Daga Zariya zuwa kofin NBA: yadda Masai Ujiri ya yi suna bayan ya daina wasa

A watan Yunin 2019 ƙungiyar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada ta lashe gasar ƙwallon kwando ta NBA, bayan ta doke Golden State Warriors a wasa 4 cikin 6. Wannan ne karon farko da kofin ya bar Amurka. Shugaban ƙungiyar da ya haɗa 'yan wasan, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi.

An haife shi a Ingila a 1970, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa likita 'yar Kenya. Yana ƙarami suka dawo da shi Zariya. Tamaula ya fara bugawa, sai da ya kai shekara 13 ya koma ƙwallon kwando. Ya je karatu Amurka, sannan ya yi wasa a ƙananan ƙungiyoyi a Turai, ciki har da Ingila da Beljiyam. Bai taɓa buga ko wasa ɗaya a NBA ba. A 2002 ya ajiye wasa, ya shiga horar da matasan Najeriya.

Daga nan ya samu aikin zaƙulo 'yan wasa a ƙungiyar Orlando Magic, ba albashi, har kuɗin tafiya daga aljihunsa. Mai wannan aiki yana bin filaye ƙasa-ƙasa yana kallon yara. Tsawo kowa na gani. Abin da yake nema shi ne saurin ƙafa, sanin lokacin miƙa ƙwallo, da halin yaro idan an ci su. Sai ya rubuta rahoto, ƙungiya ta zuba kuɗi a kan maganarsa.

Denver Nuggets ta ɗauke shi da albashi, a 2010 kuma ya zama babban manajanta. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon manajojin NBA, a shekarar ya karɓi ragamar Toronto. A 2016 ƙungiyarsa ta ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru, bayan an riga an zaɓi mutum 26 a gabansa. A 2018 ya sallami koci Dwane Casey, ya kuma ba da DeMar DeRozan, ɗan gaban goshin magoya baya, ya karɓo Kawhi Leonard. Ya sha suka, amma shekara na zagayowa kofi ya zo. Ya rabu da Toronto a Yunin 2025. Gidauniyarsa, Giants of Africa, wadda aka kafa a 2003, tana ci gaba da horar da yara, ta kuma yi alƙawarin gina filaye 100 a Afirka.

Labarin ya shafi Diffa. Bayan hare-haren watan Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa, dokar ta-ɓaci ta tsayar da kabu-kabu, ta taɓa kamun kifi da noman tattasai a bakin Komadugu, matasa da yawa suka rasa abin yi. Ƙwallon kwando ba ta cin wuri: mita 28 a tsawo, 15 a faɗi, mutum biyar kowane ɓangare. Harabar makaranta ta isa, ga maza ga mata.

Sai dai iyaye da yara su san lissafin. Ƙungiyoyin NBA 30 ne, sabbin 'yan wasan da ake zaɓa a shekara ba su wuce 60 ba daga duk duniya. Amma kowace ƙungiya, ko ta unguwa ce, tana buƙatar koci, alƙalin wasa, mai kula da rauni da mai riƙe asusu. Waɗannan ayyuka da karatu ake samun su. Yaron da ya bar aji saboda fili, ranar da gwiwa ta gaza ba shi da tsuntsu ba shi da tarko.