Ba Duk Mai Takobi Ne Ɗan China Ba

Akwai ɗabi'ar da ta ishi duk mai son tsofaffin fina-finai: da an ga mutum da dogon takobi da gashi ɗaure a tsakar ka, sai a ce ai fim ɗin Chanis ne. To, ba kullum ba ne. Fina-finan Bruce Lee da Jackie Chan daga Hong Kong suka fito, naushi da shuri ne jarinsu. Sau da yawa mai takobin nan samurai ne, ɗan Japan, inda ake kiran irin fim ɗinsa chanbara.

Abin haushin, mai wannan kuskure ya daɗe yana cin tuwon Japan bai san mai tuƙawa ba. A 1954 Akira Kurosawa ya yi Seven Samurai, labarin ƙauyawan da 'yan fashi suka addaba har suka ɗauko mayaƙa bakwai. Amurkawa suka mayar da shi na kaboyi a 1960, The Magnificent Seven. Shi kansa Sholay na 1975, wanda ƙasar Hausa ba ta manta da Gabbar Singh ɗinsa ba, a rijiyar nan ya sha ruwa. Yojimbo kuwa, na 1961 da Toshiro Mifune ya ja, Sergio Leone na Italiya ya kwafe shi babu izini a 1964 ya sa Clint Eastwood, sai da kamfanin Toho ya kai ƙara aka biya. Wanda Amurka da Indiya da Italiya suka yi wa kwafi, ina dalilin ba wani sunansa?

Masu tara kayan fim sun san darajar fina-finan Japan. Girgizar ƙasar 1923 da bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun cinye mafi yawan fina-finan Japan na farko, shi ya sa abin da ya tsira ke tsada. Na baya ma ana tara su, irin na Zatoichi, makaho mai tausa da ke ɓoye takobi cikin sanda; Shintaro Katsu ya fito a matsayinsa a fim 26, kuma a 2013 kamfanin Criterion ya haɗa 25 a akwati ɗaya.

Wanda ya gaji tsohon kaset ko fasta, kada ya ba yara su yi wasa da shi. Fasta ba ta son rana, ba ta son danshi, gam da salatif kuwa kashe ta suke yi. A shimfiɗe ta tsakanin takardu, nesa da gara. Kaset a ajiye shi tsaye, kada ya kusanci lasifika, domin maganaɗisu na goge hoto. Kafin a sayar ko a saya, a duba sunan kamfanin da ke jiki, Toho ne ko Toei ko Daiei, a kuma tambayi masani, don sabon bugu ya cika kasuwa.