Ba kowane jini a bahaya ne basir ba

Daga Boɗinga zuwa Shagari a jihar Sakkwato, idan dattijo ya ce ya ga jini a bahayarsa, amsa a shirye take: basir ne, ko atini. Sai a aiki yaro kemis ya sayo Flagyl, ko a jiƙa masa sassaƙe. Sau da yawa akan dace, domin cututtukan biyu sun zama ruwan dare. Amma akwai wani ciwo mai kama da su wanda babu ruwansa da ƙwayar cuta. Babban hanji ne ke kumbura saboda jinin da ke isa gare shi ya ragu.

Manyan jijiyoyi biyu ne ke shayar da babban hanji. Inda iyakar ɗaya ta haɗu da ta ɗayar, wato kwanar da ke ƙarƙashin haƙarƙarin hagu kusa da saifa, da kuma can ƙasa dab da dubura, jini ba ya wadata sosai ko mutum na cikin ƙoshin lafiya. Mai noman rani da gonarsa ke ƙarshen magudanar ruwa ya san wannan: ranar da ruwa ya ja baya, shukarsa ce ke fara yaushi. Likita Scott Boley na Amurka ya bayyana ciwon a 1963, Adrian Marston na Ingila ya rarraba matakansa a 1966.

Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 60, musamman masu hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya. Mai sikila kuwa ko yana matashi bai tsira ba. Abin da ke tayar da shi duk mun san shi a nan: zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, amai da gudawa da ke tsotse ruwan jiki, taurin bahaya, da maganin wankin ciki mai ƙarfi, wanda abin takaici shi ake fara ɗura wa wanda aka ce yana da basir.

Gano ciwon daga bakin majiyyaci yake farawa, kuma yadda alamomin suka biyo juna shi ne kan magana. Murɗar ciki ce ke zuwa farat ɗaya, galibi a gefen hagu, sai matsuwar zagayawa, sannan kafin awa 24 jini ya biyo baya, ja ko mai ɗan duhu, a cakuɗe da bahaya. Jinin basir kuwa ɗiga yake yi bayan an gama, ba tare da murɗar ciki ba. Atini yakan zo da majina, wani lokaci da zazzaɓi, kuma ba wuya ka ji wani a gidan ma yana fama. Don haka in likita ya yi ta tambaya, "Baba, ciwon ne ya riga jinin ko jinin ne ya riga? Wane magani kake sha?", ba ɓata lokaci yake yi ba.

Daga nan sai awon bahaya don a kore zargin atini, da awon jini. Hoton CT na nuna inda bangon hanjin ya yi kauri. Abin da ke raba gardama shi ne kolonoskofi: siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta dubura, a ga wurin ido da ido, a gutsuro ɗan nama a kai awo. Da shi ake tabbatar da cewa ba kansar hanji ba ce. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2015, ta ce a yi shi cikin awa 48, sai dai in akwai alamar hanjin ya ruɓe ko ya huje, sannan tiyata ce ba jira. Irin wannan bincike sai babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, saboda haka aikin ƙaramin asibiti shi ne ya yi zargin ciwon, ya sa ƙarin ruwa, ya tura da wuri.

Yawancin majiyyata na murmurewa cikin 'yan kwanaki da ƙarin ruwa da hutar da hanji. Kusan ɗaya cikin biyar ne ke kaiwa ga tiyata, kuma ciwon gefen dama ya fi haɗari.

Idan mahaifinka ko mahaifiyarka sun yi kukan murɗar ciki, jini ya biyo baya, ajiye jiƙon ka nemi mota a ranar. In cikin ya sandare, ko zazzaɓi da jiri sun shigo, kada ka bari gari ya waye. Ka tafi da duk magungunan da suke sha, har na gargajiya, ka nuna wa likita.