Wii: Wasan Da Ya Tayar Da Yara Tsaye

Uwargida, a watan Nuwamba 2006 ne kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da na'urar wasa mai suna Wii. Abin da ya fara burge iyaye shi ne, maimakon yaro ya zauna yana ta danne-danne, sai ya miƙe yana kaɗa rimot kamar mai tanis ko dambe, ɗan wasan da ke cikin talabijin yana bin motsin hannunsa.

Sai dai fa rimot ɗin ya riƙa suɓucewa yana fasa talabijin, har a watan Disamba kamfanin ya sauya igiyar ɗaura shi a hannu da mai kauri.

Idan irin wannan na'ura ta shigo gidanki, ki ɗaura wa yaro igiyar, ki janye ƙannensa gefe, kuma da an kira salla a kashe.