Masu Jinkirin Fahimta: Wa Zai Koya Wa Masu Kula Da Su?

Da wuya ka zaga unguwa a Ɗanzomo ko Gagarawa ba a nuna maka gidan da ake da yaron da ake kira dolo ko gaɓo ba. Wani ma a ce ɗan ruwa ne, a yi ta yawon masu magani da shi har kuɗin gida ya ƙare. Sa'o'insa sun yi nisa a allo, shi bai iya ɗaura zariyar wando ba.

Abin da ke damunsa jinkirin fahimta ne, kuma ya bambanta da taɓin hankali. Mai taɓin hankali yakan samu sauƙi da magani a asibiti irin na Kazaure ko Dawanau. Mai jinkirin fahimta kuwa tun yana ƙarami ƙwaƙwalwarsa ta samu tawaya. Doguwar naƙuda kan jawo haka, da shawarar jarirai in ta yi tsanani, da sanƙarau irin wanda ya yi ɓarna a Arewa a 1996, da zazzaɓin sauro in ya hau kai. Wani kuma haka aka halicce shi. Ƙwaya ba ta warkar da shi. Koyarwa ce ke ɗaga shi, koyarwar kuma sai wanda ya san kanta.

A nan gizo ke saƙa. Ma'aikacin sha-ka-tafi ya san allura da awon ciki, amma in aka kawo masa saurayin da ba ya iya cewa ga inda ke masa ciwo, sai ya juya ga uwar, shi kuma a bar shi tsaye kamar ba domin shi aka zo ba. Wanda ya samu horo ya san cewa yaron da ya tsiri buga kai da bango wataƙila haƙori ne ko kunne ke cinsa. Ya san farfaɗiya ta fi yawa a cikin irin waɗannan yara, kuma tana da magani. Yakan yi magana gajeriya, ya nuna da hannu, ya jira amsa. Alwala ma daki-daki yake koyar da ita: yau wanke hannu, sai ya zauna daram kafin a je kurkurar baki. Da irin wannan haƙurin ne wanda aka fid da rai da shi zai iya kiwata rago har a kai shi kasuwar Maigatari ran Alhamis.

Jigawa ta yi abin yabo tun 2007, lokacin da gwamnatin Sule Lamido ta fara ba naƙasassu naira 7,000 duk wata. A 2019 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya. Sai dai makafi da kurame suna da sarakunansu da ƙungiyoyinsu, su kuwa masu jinkirin fahimta bakinsu na hannun wani.

Wajen neman horon ba sai an je nesa ba. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, ga Kwalejin Ilimi a Gumel, ga makarantar ma'aikatan lafiya a Jahun. Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel shi ne su tura malamin firamare ɗaya da ma'aikacin lafiya ɗaya daga kowace mazaɓa su koyo wannan aiki, in sun dawo su zauna da iyaye mata, domin su ne ke kwana da yaran nan su tashi da su.