Labaran Zane a Aji da Ɗakin Karatu

Labarin zane shi ne wanda ake bayarwa ta jerin hotuna, gida-gida, a saka maganar kowane mutum cikin 'yar da'ira kusa da bakinsa. Japanawa suna kiran nasu manga, kuma sun daɗe da shigar da shi makaranta, har tarihin ƙasarsu an zana shi kundi-kundi domin ɗalibai. A birnin Kyoto, a 2006, an mai da wata tsohuwar firamare gidan adana manga mai ɗauke da kaya kusan 300,000, inda yara da manya ke zaro littafi daga kanta su zauna su karanta.

Hoto a littafi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da ya fara fitowa a 1937, da zane-zanensa ya zo, haka ma Ka Koyi Karatu da 'yan firamare suka tashi da shi. A ƙarshen shekarun 1960 mujallar African Film ta kawo Lance Spearman, labari cikin hotunan kyamara, wanda samarin birane ke miƙa wa juna hannu da hannu. Daga baya aka sami Ikebe Super ta Wale Adenuga daga Legas, sannan Supa Strikas ta 'yan ƙwallo daga Afirka ta Kudu. Sai dai ba da Hausa aka rubuta waɗannan mujallu ba, kuma galibi a bayan idon malami ake karanta su.

Amfanin labarin zane ya fi bayyana ga yaron da bai gama ƙwarewa a haɗa baƙi da wasali ba. Ɗan aji uku a Roni ko Babura a Jihar Jigawa, idan aka buɗe masa shafi cike da rubutu, jikinsa mutuwa yake yi. A labarin zane kuwa jimla gajera ce, hoto kuma yana tallafa mata: ya ga Gizo riƙe da ciki a gaban tukunyar da ba komai, tun kafin ya ƙarasa harhaɗa kalmar yunwa ya gane ta. Jerin gidajen yana koya masa abin da ya fara faruwa da abin da ya biyo baya. Manga daga dama zuwa hagu ake bin ta, kuma wannan ba zai rikita yaron da ya yi makarantar allo ba.

A aji, alli da allo sun isa a fara. Malami zai iya zana gida shida, ya raba tatsuniya a cikinsu, ya bar wuraren magana fayau yara su cika. Zai iya yanka shafi gida-gida ya cakuɗa, ɗalibai su jera shi daidai, su faɗi hujjarsu. 'Yan manyan azuzuwa kuwa sai su tambayi dattawa tarihin Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure, su zana shi da kansu. Darasin wanke hannu da kwana cikin gidan sauro ma yana zama a zuciya ta wannan hanya.

A ɗakin karatu, a jera littattafan a kanta ta ƙasa, bango yana kallon waje, a ƙarfafa su da kwali domin hannu yana cin su da wuri. Wajibi ne ma'aikaci ya karanta kowanne kafin ya ajiye, domin ba duk zane ne na yara ba. A Japan an kasa manga: shonen ta yara maza, shojo ta 'yan mata, seinen ta manya. Wannan tantancewa ita ke kwantar da hankalin iyaye.

Babban giɓi shi ne ƙarancin irin waɗannan littattafai da Hausa. Shirin African Storybook yana da labarai masu hotuna da Hausa a intanet, kyauta, waɗanda makaranta za ta iya bugawa ta rarraba. Sauran aikin na gida ne. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, inda matasa ke koyon kwamfuta, ga marubutan Hausa birjik a Kano da Jigawa. Idan marubuci da mai zane da malamin firamare suka haɗa hannu, hukumar ilimi ta ɗauki nauyin ɗab'i, littafi mai shafi goma sha shida zai iya isa kowane aji daga Kazaure zuwa Gwiwa.