Abin da manomi ya kamata ya bincika kafin ya sayi injin aske shinge na hannu

Daga cikin tsofaffin kayan noma da ake shigowa da su Najeriya daga Turai, akwai wani inji da kan ja hankalin masu manyan gonaki da masu ba da hayar tarakta. Dogon hannu ne na ƙarfe da ake ɗaurawa a bayan tarakta, a ƙarshensa akwai kai mai ganga da ke juyawa da wuƙaƙe, yana aske shinge da ciyawar bakin hanya. Sabonsa yana da tsada matuƙa, don haka masu bukata kan karkata ga na hannu. Sai dai inji ne da gyaransa kan iya cinye kuɗin da ya kai na sayensa, idan ba a yi hattara ba tun farko.

Asalin wannan inji ƙasashen da ake raba gonaki da shingen itatuwa ne, musamman Birtaniya da Ireland da arewacin Faransa. Shi ya sa fitattun masu ƙera shi suke can: McConnel da Bomford da Spearhead da Twose a Ingila, Rousseau da Kuhn a Faransa, sai Ferri da Orsi a Italiya. A Ingila da Ireland doka ta hana aske shingen gona daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta, domin lokacin ne tsuntsaye ke sheƙa. Wannan ya sa aikin shekara yake cunkushewa cikin watanni shida na kaka da hunturu. Injin da ya fito daga hannun ɗan kwangila ya sha aiki daga safe zuwa dare a cikin laka da ruwa, na manomin da ke aske gonarsa kaɗai kuwa yana iya yin kwanaki kaɗan a shekara. Shekarun inji ba sa nuna wahalar da ya sha, saboda haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce wa ya riƙe shi, kuma wane aiki ya yi da shi.

A nan gida, amfaninsa yana ga gonakin da aka kewaye da shingen bini-da-zugu ko lalle ko magarya, da lambunan mangwaro da lemo, da hanyoyin cikin gona. Yana kuma da amfani a gefen magudanan ruwa na wuraren noman rani irin su Kadawa a Jihar Kano da Bakolori a Jihar Zamfara, inda hannun ke iya miƙawa ya share gangaren da tarakta ba za ta taka ba. Amma yana da iyaka. Ba ya yanka a ƙarƙashin ruwa, don haka ba shi ne maganin kachalar da ta toshe tsakiyar magudana ba. Wuƙaƙensa an yi su ne domin tsiron shekara ɗaya zuwa biyu, reshe mai kauri sai kai mai faifan zarto. Wanda bukatarsa share fili ne a kwance, injin yankan ciyawa na yau da kullum da tarakta ke ja ya fi masa sauƙi da arha.

Kafin a dubi injin, a dubi taraktar da za ta ɗauke shi. Masu saye sukan tsaya kan ƙarfin doki, alhali nauyi da faɗin tarakta sun fi muhimmanci. Matsakaicin inji mai miƙa mita biyar yakan kai kimanin tan ɗaya, kuma idan hannun ya miƙe gaba ɗaya, nauyin kan yana rinjayar tarakta zuwa gefe guda. Massey Ferguson 375, wadda ta yawaita a gonakinmu, tana da ƙarfin doki 75, wanda ya ishi ƙananan injina, amma jikinta ba shi da nauyin da zai riƙe manya a bakin gangare. Kowane kamfani yana rubuta mafi ƙarancin nauyin taraktar da injinsa ke bukata, kuma wannan adadi ba abin wasa ba ne. Sau da yawa sai an ƙara ƙarfen nauyi a gaba da kuma a tayar bayan da ke ɗaya ɓangaren. A tabbatar sandunan ƙarfafa maƙala sun zo tare da injin, a kuma tabbatar ya dace da sandar juyi ta bayan tarakta, wadda makanikai ke kira PTO, mai juyi 540 a minti ɗaya.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. A Birtaniya da Ireland ana tuƙi a hagu, don haka yawancin injinansu a hagu suke yanka. Najeriya ta koma tuƙi a dama tun 1972. A cikin gona wannan ba matsala ba ce, amma wanda ke neman kwangilar share bakin titi zai tarar da kansa yana fuskantar motoci masu zuwa. Irin wannan mai saye gara ya nemi na Faransa ko Italiya, wanda ke yanka a dama.

Zuciyar injin ita ce tsarin haidirolik, kuma a nan kuɗi ke ɓuya. Sandar PTO tana juya giyabos, shi kuma yana juya famfunan da ke tura mai zuwa motar da ke kan ganga da kuma silindojin hannu. Wasu injinan suna da famfo biyu da tankinsu, wasu kuwa suna aron man tarakta domin motsa hannu. Na farkon ya fi dacewa da tsofaffin taraktoci waɗanda famfonsu ya riga ya gaji. A buɗe tanki a dubi man: idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, an yi ta aiki da shi cikin zafi fiye da kima. A ciro matatar mai a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, domin alama ce ta famfon da ke cin kansa.

Gwajin minti biyar ba ya isa. Famfon da ya lalace yakan yi aiki lafiya da mai mai sanyi, sai man ya yi zafi ya tsinke ƙarfinsa ya zube. A bar injin ya yi aiki aƙalla rabin sa'a yana yankan wani abu na gaske, a saurara ko gangar tana rage gudu. Sannan a miƙe hannun, a kashe tarakta, a jira. Idan hannun yana sauka da kansa, to ko sil ɗin silinda ko bawul yana yoyo daga ciki. Batun zafi ya fi tsanani a wurinmu, domin an ƙera injin ne don hunturun Turai, a nan kuwa zai yi aiki a Sakkwato ko Maiduguri inda zafin Afrilu ke haura digiri 40. Injin da ya zo da na'urar sanyaya mai ya cancanci ƙarin kuɗi, muddin za a riƙa kakkaɓe mata ƙurar hunturu da ɓuntun ciyawa.

Ganga kan yi juyi fiye da 2,000 a minti ɗaya, saboda haka ƙaramin rashin daidaito yana zama babbar jijjiga. Wuƙa ɗaya da ta ɓace ta isa ta sa kan ya riƙa karkarwa, kuma wannan gyara ne mai sauƙi, sai dai ana canza wuƙaƙe biyu-biyu, kowace da ta gabanta, domin nauyi ya daidaita. Idan wuƙaƙe sun cika amma jijjigar tana nan, mai yiwuwa gangar ta lanƙwashe ne, kuma daidaita ta aiki ne na na'ura ta musamman wadda ba kowane gari ke da ita ba. A duba kunnuwan da wuƙaƙe ke rataye a jiki ko ramukansu sun buɗe, a girgiza gangar da hannu bayan an kashe komai domin a ji ko boris ya yi sako-sako, a kuma duba ƙarshenta ko waya ta taɓa nannaɗewa ta cinye sil.

A jikin hannun, sabon fenti a wuri ɗaya abin tuhuma ne. Tsagewa takan fito a gindin ginshiƙin da hannu ke juyawa a kai, da wuraren da silindoji ke maƙale. Walda mai kyau da aka ƙarfafa da faranti ba ta hana saye, amma walda a kan walda tana nuna ƙarfen ya gaji. Fil da bushin da suka ci ba su da wahala, masu aikin juya ƙarfe a Kano ko Kaduna za su iya ƙera su, haka kuma ana haɗa tiyon haidirolik a manyan garuruwa. Abin da ba a samu cikin sauƙi shi ne kayan lantarki. Sabbin injina suna da sandar sarrafawa ta lantarki mai daɗin aiki, amma idan akwatinta ya mutu sai an yi odar wani daga waje da kuɗin ƙetare. Ga manomin da ke nesa da birni, tsohon tsarin liba da kebul ya fi kwanciyar hankali, ko da ya fi gajiyar da hannu.

Ba a sayen wannan inji ba tare da tunanin direba ba. Yana jefa duwatsu da guntayen itace da gudun da zai iya kisa, kuma yawancin taraktocinmu ba su da rufaffen ɗakin direba. Dole a sanya raga ta ƙarfe a gefen da ake yanka, labulen roba na gaba da bayan kai su kasance cikakku, murfin sandar PTO kuma kada ya zama fasasshe. Yara da dabbobi su yi nisa, a kuma lura da wayoyin lantarki kafin a ɗaga hannu. Shingen aguwa yana da farin ruwa mai cutar da ido, wanda gangar za ta fesa ko'ina, don haka direba ya sa tabarau.

Wanda zai shigo da injin da kansa ta Apapa ko Tin Can ko Onne, ya buɗe Form M ta bankinsa kafin a yi lodi, ya kuma sa lasisaccen wakilin kwastan ya tabbatar masa da rukunin harajin da injin ya faɗa. Ya nemi hoton farantin da ke ɗauke da lambar inji da shekarar ƙira, domin da ita ake odar kayan gyara, tare da bidiyon injin yana aiki. Yana da kyau a sa cikakken saitin wuƙaƙe da notinansu, da boris biyu, da matatar mai a cikin kwantena ɗaya, tunda kuɗin aiko su daga baya ta jirgin sama yakan fi kuɗinsu. Don shawarar fasaha kan dacewar inji da tarakta, ana iya tuntuɓar Cibiyar Bunƙasa Noma da Injina ta Ƙasa, NCAM, da ke Ilori a Jihar Kwara, wadda gwada injinan noma na cikin ayyukanta.