Yadda Za a Sa wa Wuƙa da Adda Lamba da Ruwan Gishiri da Batir

Kowace ƙungiyar gama kai da ke ba membobinta aron kayan aiki ta san wannan damuwa. A farkon kaka ma'aji ya fitar da lauje ashirin, a ƙarshe sha bakwai suka dawo, biyu daga ciki ma ba su ne aka bayar ba. Ba wanda zai iya nuna shaida, sai zargi ya shiga tsakanin 'yan'uwa. Fenti yana gogewa cikin mako ɗaya na aiki. Alamar da aka ƙona a jikin ƙota kuwa, ran da aka sake ƙota ta tafi ke nan. Abin da ake bukata shi ne lamba a jikin ƙarfen kansa.

Wani zai ce, ai sai a kai wa maƙeri ya buga da guduma. Wannan yana yiwuwa tun ƙarfe yana ja cikin wuta. Amma wuƙar da aka gama, an riga an gasa ta an tsoma cikin ruwa ko mai domin ta yi tauri. In aka buge ta a sanyaye tana iya tsagewa, in kuwa aka mai da ita wuta, taurin ya lalace, ba za ta ƙara riƙe kaifi kamar da ba. Hanyar da za mu bayyana ba ta bukatar wuta ko duka. Lantarki ne yake cin ƙarfen a hankali, daidai wurin da aka buɗe masa.

Ruwan gishiri yana ba lantarki hanya. In aka haɗa wuƙa da kan batir mai alamar (+), aka haɗa ƙusa da kan mai alamar (–), aka sa jiƙaƙƙiyar auduga tsakaninsu, sai ƙarfen wuƙar ya riƙa narkewa kaɗan kaɗan yana shiga cikin ruwan. Wani masani a Ingila, Michael Faraday, ya auna wannan tsakanin 1833 da 1834, ya nuna cewa yawan ƙarfen da ke narkewa yana bin yawan lantarki da tsawon lokaci. Bisa lissafinsa, amfiya 1 na tsawon awa 1 yana cire kamar giram 1 na baƙin ƙarfe. Haruffa uku da lamba ba su bukatar ko kusa da haka. Minti biyu zuwa biyar sun isa a sami zurfi kamar kaurin takarda, wanda farce zai ji.

Kayan da za a tara

Yawancinsu suna nan cikin gari. Batir na mota ko na babur ko na sola, wanda aka rubuta 12V a jikinsa. Waya biyu, kowace kamar kamu biyu. Babbar ƙusa, auduga, zare, samfefa, allura, da jan farce na mata ko kakin zuma. Ruwan gishirin kuwa, babban cokali ɗaya na gishirin miya cikin ruwa cikin gwangwanin madara ɗaya, amma a dama shi cikin kofin roba ko na tangaran.

Akwai abu ɗaya da mutane sukan bari, mu kuwa muna ganin kada a fara aikin sai da shi: ƙwan sigina na mota, mai wat 21. A yanka wayar da za ta tafi wurin ƙusa, a sa ƙwan a tsakiya, yadda dole lantarkin ya bi ta cikinsa. Batirin mota yana da ƙarfi ƙwarai. In ƙusa ta taɓa wuƙa kai tsaye ba ƙwan, waya tana iya yin ja ta ƙone hannu. Da ƙwan kuwa, lantarkin ba zai wuce amfiya 2 ba, sai dai ƙwan ya haska sosai ya gaya maka audugarka ta huje.

Tsohuwar cajar wayar hannu ma tana yi, ko da yake 5V ce, aikin zai ɗauki lokaci. Amma caja mai araha da jiƙaƙƙen hannu ba su dace da juna ba, don haka batir ya fi. Wutar da ke bango kuwa, kada kowa ya kuskura ya haɗa ta da wannan aiki. Kisa take yi.

Shirya wuƙar

Nan ne aikin yake, sauran duk mai sauƙi ne. A zaɓi wuri kusa da mariƙi, nesa da kaifi, domin wasawa kada ta cinye lambar. A fartanya da garma, a sa ta can sama kusa da wuya, inda ƙasa ba ta gogawa. A goge wurin da samfefa har ya yi fari, a wanke da sabulu, a shanya. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa wurin, gama maiƙon hannu yana hana jan farce kamawa, ruwan gishiri ya kurɗa ta ƙarƙashi, a ƙarshe a sami tabo maimakon rubutu.

A shafa jan farce sau biyu, ya fi rubutun faɗi da kamar yatsa ɗaya ta kowane gefe. In ya bushe amma bai yi ƙarau ba, a ɗauki allura a rubuta haruffan, ana kankarewa har farin ƙarfe ya fito. A duba da kyau cikin haske. Inda ɗan jan farce ya rage cikin layi, lantarki ba zai ci ba, harafin zai fito a yanke. Manyan haruffa masu miƙaƙƙun layuka sun fi fitowa. A ba wa mai kyan rubutu wannan aiki, gama abin da aka ci a ƙarfe ba ya gyaruwa.

Sai a naɗe kan ƙusar da auduga mai kauri, a ɗaure da zare. A maƙala wayar (+) a jikin wuƙa inda ba tsatsa, a ɗaura wayar (–) a jikin ƙusa. In alamun batir sun goge, a tsoma bakin wayoyin biyu cikin ruwan gishirin ba tare da sun taɓa juna ba. Wadda ta fi tada kumfa ita ce (–). In aka juya su, ƙusar ce za ta ci, wuƙar ba abin da zai same ta.

A tsoma audugar, a matse ta kaɗan kada ta riƙa ɗiga, a ɗora a kan rubutun. Za a ji 'yar ƙara kamar ana suya, audugar ta yi baƙi-baƙi ko kore. A ƙirga goma, a ɗaga, a ƙirga biyar, a sake ɗorawa. Ɗagawar tana barin iska ta fita, tana kuma hana zafi ya ɗaga jan farcen. A danna kawai, kada a goga. In audugar ta yi dauɗa ƙwarai a sake wata. Bayan kamar sau goma sha biyar a gwada zurfin da bakin allura. Kafin a taɓa kayan ƙungiya, a fara koyo da guntun tsohuwar adda.

In zurfin ya yi, a cire waya, a kankare jan farcen. A wanke wurin da ruwan kanwa, a ɗauraye da ruwa mai kyau, a shanya, a shafa mai nan take, man gyaɗa ga wuƙar girki, baƙin mai ga kayan gona. Gishirin da ya rage cikin ramin rubutu yakan jawo tsatsa kafin gari ya waye. Wanda ke son lambar ta fito daga nesa, sai ya cusa baƙin fenti cikin ramin ya share na sama.

Kumfar nan da ke tashi iska ce mai kama wuta, wani lokaci kuma akan ji ɗan wari kamar na maganin wanke rijiya. A yi aikin a waje cikin inuwa, ba taba, ba fitila kusa, batirin kuma ya ɗan yi nesa. Farar wuƙa ta kanti wadda ba ta tsatsa tana da wani ƙarfe a ciki mai suna kuromiyam, ruwan da ya fito daga cinta yakan yi rawaya, guba ne kuwa. A sa safar hannu ta roba, a tara audugar da ragowar ruwan cikin kwalba mai murfi, kada a zubar kusa da rijiya ko inda kaji da awaki ke kiwo.

Shawararmu ita ce a sa haruffa biyu ko uku na sunan ƙungiya, sa'an nan kowane abu da lambarsa, lauje 1 zuwa 20, adda 1 zuwa 12. Magatakarda ya buɗe shafi cikin littafin aro, ya rubuta lamba, da sunan wanda ya ɗauka, da ranar da zai mayar. Maƙerin da ke cikin ƙungiya ma zai iya sa tasa alamar a wuƙaƙen da yake kaiwa kasuwa, domin wanda ya ji daɗin aikinsa ya san wanda zai nema.